Yadda Za Ka Zana wa Likitoci Gini Ba Tare da Ka Saurari Likita Ba

Ina yi maka alkawari, kuma alkawarin ƙwararre ne. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, za ka zana wa jami'a ginin binciken cututtuka mai hawa huɗu wanda duk wanda ya wuce ta bakin titi sai ya waiwayo. Za a sa hotonsa a kalandar jami'a. Ɗalibai za su riƙa yin layi a gabansa suna ɗaukar hoto ranar da suka gama karatu. Ban ce aiki zai yiwu a cikinsa ba. Wannan wani fanni ne daban, kuma ranar da aka koyar da shi ina jin ban je aji ba.

Ni mai zanen gine-gine ne, shekarata goma sha shida a sana'ar. Hanyar nan na gwada ta da kaina, a kan gini na gaske, kuma a kan yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Ita likita ce mai binciken ciwon sikila. Tana da wata ƙatuwar firiza da ta fi ni tsawo, wadda ta shekara goma sha huɗu tana tara jinin yara marasa lafiya a cikinta, cikin 'yan kwalabe da ba su wuce ɗan yatsa ba. Sanyin cikinta digiri tamanin ne ƙasa da sifili. In aka cire ta daga wuta, awa biyar gare ta kafin abin da ke ciki ya fara lalacewa. Ka riƙe wannan lissafin, domin ni ban riƙe ba.

Mataki na 1: Karɓi aikin tun kafin ka san ko mene ne

In an kira ka an ce ana neman wanda zai zana ginin bincike, ka ce, "Ai na sha yin irinsa." Faɗe shi da sauri, kana duba agogo. Ni a lokacin abin da na taɓa zanawa bai wuce rukunin shaguna biyu, gidan mai ɗaya, da gidajen wasu masu hali guda huɗu ba. Amma na zauna na yi tunani mai zurfi, na gano cewa ɗakin bincike ai ɗaki ne: bango huɗu, ƙofa, taga. Sauran duk burga ce ta likitoci.

In kana da ɗan'uwa a cikin waɗanda za su yi aiki a ginin, zai nemi ka je ka ga yadda suke aiki. Yaya ta kira ni ta ce, "Auta, ka zo ka wuni da mu a tsohon ɗakinmu. Ka ga abin da muke turawa, da abin da muke ɗauka, da inda muke karo da juna."

Ka je, domin ba a ƙin kiran babba. Amma kada ka wuce minti ashirin. Ka tsaya daga bakin ƙofa, ka gyaɗa kai sau uku, ka ce, "Na gane matsalar." Sannan ka kara waya a kunne ka fita kana cewa, "E, ina hanya." Ba lallai wani ya kira ka ba. Na ga firizar a ranar, a can ƙurya tana gunji. Na tuna har na ce a raina, kai, wannan abu da muni yake.

Mataki na 2: Fara da waje, ciki ya biyo baya in ya ga dama

Sabon shiga ne ke fara tambayar me za a yi a cikin gini. Ƙwararre daga hoto yake farawa.

Samo kwali mai kyau, da gam, da reza, ka gina ɗan ƙaramin ginin a kan tebur. Yanka soso ka rina shi kore, ya zama bishiyoyi. Sayo 'yan mutanen roba masu tsawon ƙwayar gyaɗa ka jera su a harabar. Ka lura da halin waɗannan mutane, domin su ne abokan aikin da suka fi kowa daɗin sha'ani. Ba sa gumi, ba sa tambaya, kuma ban taɓa ganin ɗayansu yana tura firiza ba.

Wata shida na yi ina hira da mutanen roba. A cikin wata shidan nan ba wanda ya taɓa ce mini ƙofa ta yi ƙanƙanta.

Mataki na 3: Yi wa kwamiti maganar da ba mai iya musawa

Ranar da za ka gabatar da zane, sa baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, ka rataya tabarau a wuya. Kada ka ce "taga". Ka ce, "Nan ne ginin yake numfashi." Kada ka ce "baranda". Ka ce, "Nan ne haske yake zantawa da bango." Farfesa ba ya son a ga bai gane ba a gaban wani farfesan, don haka duk za su gyaɗa kai tare.

Shugaban jami'a tambaya ɗaya zai yi maka. Ni ma ita ya yi mini: "Daga babban titi za a hango shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko makaho sai ya ji a jikinsa cewa ya wuce wani abu."

Ya ce, "To, ni na gamsu."

Duk wata tambaya da ta biyo baya, amsarta kalma biyu ce: "An tanada." Ina za a zubar da allurai da audugar da aka yi aiki da su? An tanada. In wuta ta ɗauke fa? An tanada. Ba ƙarya ka yi ba, tunda ba ka faɗi wanda ya tanada ba.

Daga can ƙarshen tebur Yaya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ina da tambaya ga mai zane. Firizata ta ina za ta bi ta shiga?"

Na bari ɗakin ya yi tsit, sannan na ce, "Ta ƙofa, Yaya."

Aka tuntsire da dariya, har shugaban yana buga tebur. Ba zan ɓoye maka ba, dariyar nan ta yi mini daɗi ƙwarai. Tun ina ɗan shekara biyar Yaya take gyara mini magana a gaban mutane, sai ranar na samu na rama. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai rubuta wani abu a littafinta.

Mataki na 4: San yadda ake karɓar takarda

Mutanen da suka san aikinsu suna da wata muguwar ɗabi'a, ta rubuta abu a takarda su aiko maka. Washegari takardar Yaya ta iso ofishina. Layi uku ne kacal: faɗin firiza santimita casa'in da takwas, tsawo mita biyu, nauyi ya kusa na buhun siminti takwas. A ƙasa ta ja layi biyu ta rubuta, "Ba a kwantar da ita."

Ga yadda ake yi da irin wannan takarda. Ka rubuta "An lura" a gefenta, ka sa hannu, ka sa kwanan wata. Daga nan aikinta ya ƙare, ka nema mata wani amfanin. Teburin zanena yana da ƙafa ɗaya mai ɗingishi. Da na ninke takardar sau huɗu, sai ta zauna daidai kamar don shi aka rubuto ta.

Za su sake aikowa. Ta biyu ta waya ta zo, na mayar mata da hoton babban yatsa. Ta uku kuwa Yaya ta bi ta hanyar da ba ta dace ba, ta ba Inna. Na je gaisuwa ranar hutu, Inna ta zaro takarda daga ƙarƙashin matashin kai ta ce, "Ungo, yayarka ta ce ka karanta a gabana."

Na karanta. Inna ta ce, "Ka gane?"

Na ce, "Inna, wannan fa aikina ne. Shekara shida na yi ina karanta shi."

Ta ce, "Ita ma ai ba talla ta yi ba. Ka dai ji maganar yayarka."

In kunne ya ji, jiki ya tsira, in ji masu iya magana. Amma su masu iya maganar ba su taɓa zana bene ba.

Mataki na 5: Bauta wa layi

Yanzu mun zo ƙashin bayan sana'ar, sai ka gyara zama.

A zanena na farko ƙofar ɗakin firiza santimita ɗari da ashirin ce. Ba don na tuna da takardar ba, haka kawai hannuna ya ja. Wata ranar Talata ina kallon zanen hawa na uku, sai na ga abin da ya tayar mini da tsigar jiki. Ƙofofi bakwai ne a jere a barandar, shida masu santimita casa'in, kowace tana fuskantar tagarta daidai wa daida. Ta bakwai ta yi ƙiba, ta fita daga sahu da taki guda. Kowa zai wuce bai gani ba. Ni kuwa da na rufe ido sai in gan ta.

Na goge ta, na mayar da ita casa'in. Aikin bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma na ji wata natsuwa ta sauko mini har tafin ƙafa.

A wurin gini za ka gamu da wani tsohon birkila wanda ya fara ɗora bulo tun kafin a haife ka. Kowane gini yana da irinsa. Namu Baba Birkila ake ce masa. Ya same ni da zanen a hannu ya ce, "Injiniya, ɗakin nan na ji an ce na manyan na'urori ne. Ƙofar nan ko gadon asibiti ba zai wuce ba. In ƙara mata faɗin bulo ɗaya?"

Na ce, "Baba, da farko ni ba injiniya ba ne, mai zane ne. Na biyu, ka ga layin nan? Daga farkon baranda har ƙarshe ba ya karyewa."

Ya dubi layin, ya dube ni. Ya ce, "To, layin ne zai yi aiki a ɗakin?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Ka ce, "A bi zane." Don kuma kada wani ya yi maka shisshigi daga baya, ka ba da umarni a zagaye ƙofar da kankare mai rodi, a lulluɓe bangon da baƙin dutse gogagge wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Wata uku aka yi ana manna dutsen nan, ni da kaina nake zaɓen kowane falle.

Mataki na 6: Ɓoye duk wani abu mai amfani

Abu mai amfani ba ya kyau a hoto. Wannan ita ce doka, sauran bayani ne.

Soket ƙazanta ne a fuskar bango, don haka baranda kada ta samu ko ɗaya. Babban soket na musamman da firiza ke buƙata, mai haɗe da janareto, ka kai shi can bangon ƙarshe na cikin ɗaki inda baƙo ba zai gani ba. Lif ka yi shi ɗan madaidaici, mai madubi, na mutum shida marasa tumbi. Matakala kuwa ka murɗa ta ta riƙa zagayawa tana hawa, domin miƙaƙƙiyar matakala kowa ma ya iya.

Wani zai ce me ya sa ba za a ajiye kaya masu nauyi a hawan ƙasa ba. Ka gaya masa hawan ƙasa na zauren karɓar baƙi ne, da ɗan tafki mai feshin ruwa. Firiza ta hau sama ta sha iska.

Barandar hawa na uku ka yi mata bangon gilashi tun daga ƙasa har rufi, ta fuskanci yamma. Da la'asar launin da ke zubowa a wurin sai ka ji kamar ka yi kuka. Daga azahar kuma in ka ajiye ɗanyen ƙwai a kan tayil ɗin, ba sai ka nemi risho ba.

Mataki na 7: Ranar ƙaura, ka zo da tsabta

Saura kwana huɗu a buɗe ginin, shugaban jami'a ya lura cewa tsohon ɗakin su Yaya yana tare wa sabon gini fuska daga titi. Ni na nuna masa, in za a bi gaskiya. Aka ce a kwashe kaya ranar Laraba da safe, katafila ta shiga da hantsi.

Ƙarfe tara daidai Yaya ta zare wayar firiza da hannunta, ta dubi agogo ta ce, "Ƙarfe biyu." Tana fita aka yanke wutar tsohon ginin, masu kwance kwano suka hau rufi.

Ka zo da fararen takalma da hular kwano sabuwa, ka tsaya a zaure kana nuni da yatsa. Tara da rabi mota ta iso. Leburori takwas suka turo firizar gaban lif, ƙofar lif ta buɗe, kowa ya dubi kowa. Ko rabinta ba zai shiga ba.

Na ce, "An tanada. Akwai matakala."

Ban san ko ka taɓa ganin mutum takwas suna hawa murɗaɗɗiyar matakala da abin da ba a kwantarwa ba. Kowane taki sai an tsaya an yi shawara. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai tsagaggiyar riga, ya ɗago daga ƙarƙashin kayan yana haki ya ce, "Wai don Allah wane mara tsoron Allah ne ya zana wannan abu?"

Na duba wayata da kyau, kamar an aiko mini da saƙo mai muhimmanci.

Sha biyu saura kwata suka dire ta a barandar hawa na uku, gaban ƙofa ta bakwai. Ɗan allon da ke goshin firizar yana nuna sanyin ya sauko daga tamanin zuwa saba'in da ɗaya. Aka tura. Ta daki kankare ta tsaya.

Mataki na 8: Laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani

Nan ne ake gane ƙwararre. Kada ka firgita. Ka zaro tef ɗin awo, ka auna ƙofa: casa'in. Ka auna firiza: casa'in da takwas. Ka sake auna ƙofa ko Allah zai sa ta buɗa. Sannan ka fara rabon laifi, daga wanda ba ya wurin.

Na ce kamfanin da ya ƙera firizar bai san ƙa'idar ƙofofi ba. Na ce tef ɗin na jabu ne, a kawo wani. Na ce a kira mai gyaran wuta ya jawo waya daga soket ɗin ciki. Ya zo ya duba, ya ce daga soket zuwa nan mita bakwai ne, kuma irin kaurin wayar da na'urar ke sha sai cikin gari. Ya hau babur ya tafi. Komawa baya kuma babu, domin ta gilashina mai kyau muna kallon katafila tana cin bangon tsohon ɗakin.

Baba Birkila ya matso ya yi ƙasa da murya. "Injiniya, ka ba ni izini in fasa gefen nan. Taki ɗaya kawai."

Na ce, "Baba, ka san dutsen nan kuwa? Jibi za a buɗe ginin nan. Ta nan manyan baƙi za su bi."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa ranar na naɗe tawa har da ta maƙwabta. Na sa aka cire ƙyauren, muka samu santimita biyu. Na sa aka kwance mariƙin firizar, muka samu uku. Saura uku. Na ce a karkata ta, Yaya ta ce ba a karkata ta. Na ce a shafa sabulu a gefen. Wallahi na faɗi haka, a gaban shaidu goma sha ɗaya.

Rana ta juyo ta faɗo cikin barandar. Gumi ya jiƙa kowa. Allon ya nuna sittin da huɗu, ya nuna hamsin da takwas. Yaya ta cire farar rigarta ta aiki ta rufa wa firizar ta gefen rana, ta tsaya a gabanta tana tare mata hasken da jikinta.

Ƙarfe biyu saura minti goma ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, zo nan. Ka san layin kwalabe na sama a cikin firizar nan? Shi ke fara narkewa. Na shekarar farko ne. Kwalba ta farko daga hagu ta wani yaro ce, shekararsa shida lokacin da na ɗiba. Sai da uwarsa ta riƙe shi, ni kuma na yi masa alkawarin ba zai yi zafi ba. Ya rasu shekara tara da ta wuce. Kai da ka yi karatu, gaya mini inda zan je in sake ɗibar nasa."

Awa biyu da minti biyar na yi ina kare bango. Na lissafa daga baya, na kuma sake lissafawa, bai ragu ba.

Mataki na 9: Koyi riƙon guduma

Wannan mataki ba ya cikin tsarin karatunmu, amma ga abin da na koya. Ana riƙe ta daga ƙarshen ƙota, ba daga wuya ba. Kada ka rufe ido lokacin da za ka buga. Dutse gogagge yana fashewa da ƙara mai ban tausayi, kuma kafin ya fashe za ka ga fuskarka a ciki.

Ni na yi bugun farko, don ba wanda ya yarda ya fara. Na yi na biyu, na yi na goma, tafin hannuna ya ɗure ruwa ya fashe. Baba Birkila ya karɓa ya ce, "Kawo, Injiniya, kana shafa shi ne." Ban gyara masa sunan ba.

Da bulo ne, minti ashirin ya isa. Amma ka tuna wani mai hangen nesa ya sa an zuba kankare da rodi. Sai da aka nemo zarto aka yanke ƙarfe huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Uku da minti goma firizar ta shige ɗaki ta cikin wani rami mai kama da bakin da aka cire wa haƙori. Yaya ta durƙusa ta soka wayar, injin ya ɗauki gunji. Allon yana nuna talatin da tara. Ta zauna a ƙasa cikin ƙurar siminti, ta jingina bayanta da firizar, ta rufe ido.

Mai gyaran wuta ya iso da wayarsa ƙarfe huɗu, yana ba da labarin cunkoson motoci.

Mataki na 10: Karɓi yabo, sannan ka sha mai a mota

Ranar buɗewa ka sa a jingina ƙaton allon maraba a kan ramin, a ajiye tukunyar fure a gabansa. Ba wanda zai leƙa. Shugaban jami'a ya kira ni gaban jama'a ya ce ginin nan ya nuna abin da ake samu in mai zane ya saurari masana. Aka yi tafi. Na sa hannuwana a aljihu saboda bandeji.

Bayan mako uku Yaya ta gama gwaji. Layuka huɗu na ƙasa sun tsira. Layin sama ya tafi: kwalba sittin da uku. Yara arba'in da ɗaya suna raye, wasu ma sun zama samari da 'yanmata, ana iya neman su a roƙe su a sake ɗiba, ko da yake jinin yau ba zai faɗi abin da na wancan lokacin zai faɗa ba. Ashirin da biyu kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Na je ofishinta da jawabin ban haƙuri da na kwana uku ina shiryawa. Ta katse ni tun a jimlar farko. Ta ce, "Ajiye wannan. Motarka lafiya take? Ranar Asabar ƙarfe bakwai. Gida sittin da uku ne, kai za ka tuƙa."

Na ce, "Arba'in da ɗaya dai, Yaya."

Ta ce, "Sittin da uku. Iyayen sauran amana suka ba ni. Sai na gaya musu da bakina."

Shawarata a nan ita ce ka zauna a mota. Ka ce za ka kula da kaya. Ni ma haka na yi niyya, amma a gida na huɗu Yaya ta buɗe ƙofar ɓangarena ta tsaya, sai na fito. Wata mata ce mai ɗinki, ta ture kekenta gefe ta shimfiɗa mana tabarma. Yaya ta gaya mata komai dalla-dalla, sai abu ɗaya da ta tsallake: ta ce an samu matsalar ƙofa, ba ta ce ƙofar wa ba.

Matar ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Ba komai, likita, Allah ya sa haka shi ne alheri. Dama dai in mota ta bi da ni ta gaban sabon ginin nan, nakan ce wa na kusa da ni, wani abu na ɗana yana ciki, yana taimakon 'ya'yan mutane." Sai ta juyo gare ni. "Wannan ƙanen naki ne? Me yake yi?"

Yaya ta ce, "Shi ya zana ginin."

Fuskar matar ta washe. Ta ce, "Kai, sannu da ƙoƙari, ɗana! Ginin nan ya yi kyau. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Na ce amin. Ban san abin da ake cewa ba in ba amin ba, kuma kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba tun da uwata ta haife ni.

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da ita. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, shi ya jiyo, kada ya neme ni a ofis ko a gida, kada kuma ya bi ta wajen Inna. Duk ƙofar da ta ƙi wucewa, da bangon da aka fasa, da abin da ya narke, laifin kamfani ne, da rana, da cunkoson motoci, da tef ɗin awo. Marubucin mai zane ne kawai, layi yake ja a takarda, kuma layi bai taɓa kashe kowa ba.

Na kai wa Yaya wannan shafin ta duba kafin in buga. Ta karanta har ƙasa, ta miƙo mini, ta ce rubutun ya yi kyau. Sannan ta ce kada in makara ranar Asabar, saura gida talatin da takwas.